Hanyar Keken Baba

Gumi ya jiƙe rigar manajan sito. Ya shaida wa masu tallafi cewa tun bara aka gina wa masu keken guragu hanyar hawa su karɓi abinci. Alhali yau da asuba aka zuba simintin, aka yayyafa masa ƙasa. In mai binciken da suka turo ta gano, tallafi ya ƙare.

Ta matakala ya bi da ita. Har ta juya za ta tafi, sai ta hangi wani tsoho a kekensa.

"Baba, hanyar nan tana muku amfani?"

Tsohon ya dubi manajan da ke ciyar da jikokinsa, tausayi ya kama shi.

"Kullum ta nan nake hawa, 'yata. Tsaya ma ki gani!"

Ya tura keken da ƙarfinsa. Tayoyin suka lume cikin ɗanyen simintin.