Tikitin Rawa a Gafakar Liman

Maliki, akawu a ofishin Turawa, ya zazzage gafakar Liman Datti a gaban dattawan Unguwar Sarki. Ƙananan takardu ja da kore suka watse a kan tabarma.

"Ku gani da idonku! Tikitin silman Sallah, tikitin rawar Kirsimeti. Wannan ne zai ci gaba da ja mana salla?"

Liman ya dubi takardun. Limancinsa da mutuncinsa duk suna kan tabarmar nan, kuma kowa sai gyaɗa wa Maliki kai yake yi. Halin mutane ke nan, mai zargi ba ya rasa 'yan amshi.

Mai unguwa ya ce, "Allah gafarta Malam, naka ne?"

"Ni na tara su, ranka ya daɗe. Ban iya boko ba. Duk takarda mai rubutu da na gani a ƙasa ɗauke ta nake yi, kada a taka sunan Allah."

Maliki ya ƙyalƙyale da dariya. "A ƙofar gidan rawa ka tsince su ke nan?"

"A'a, ɗana. A masallaci, bayan asuba. Sahun farko, daidai inda kake sujada."