Sunan da Babu a Allo

Ana tsaka da bikin tunawa da gasar sunuka, wasan buga ƙwallaye da sanda a kan tebur, ta shekara arba'in baya, wata tsohuwa ta kutsa zauren wasan na Wulari, ta tsaya gaban shugaban kulob.

"An ce babu sunan mijina a allon zakarunku. Ƙwararru takwas aka gayyato daga Legas da Kano, shi tela ya lallasa su kaf."

"Hajiya, takardunmu sun ɓace. Akwai shaida?"

Ta kwance ƙunshinta, ta dire kofin azurfa, baƙi ƙirin, yana tashin ƙamshi. Tun rasuwar mijin a cikinsa take kunna turaren wuta. Ta murje gindin kofin da bakin laffayarta, rubutu ya bayyana.

"Ni ban yi boko ba. Kai karanta, da ƙarfi."

Yana karanta sunan mijinta, 'yan wasan suka ajiye sandunansu.