Matar Matuƙin Jirgi

Tun jirgin bai ɗaga ba matar ta damƙe hannun kujera har jijiyoyinta suka fito raɗau. Dattijon da ke zaune gefenta, ta wajen taga, ya lura da ita, sai ya ninke jaridarsa.

Suna rabuwa da ƙasa wani abu ya yi ƙara dim a ƙarƙashinsu. Ta saki salati da ƙarfi har na gaba suka waiwayo.

"Tayoyi ne suka shige, Hajiya," in ji dattijon. "Nan da kaɗan za ki ji ƙarar inji ta ragu. Ba mutuwa ya yi ba, sassauta masa aka yi."

Ƙarar kuwa ta ragu. Ta bi shi da kallo.

"Malam, ko matuƙi ne kai?"

"Ina! Aikin takarda na yi har na yi ritaya."

Daga nan duk motsin da jirgin zai yi sai ya riga shi faɗa. Ya gaya mata za su karkata dama, suka karkata. Ya ce za a ɗan yi gargada idan sun shiga gajimare, aka yi ta. A hankali ta saki kujerar, har ta karɓi shayi daga ma'aikaciyar jirgi, tana yi wa kanta dariya. Ta ce jikokinta sun ce ko a keke aka ɗora ta sai ta bar wasiyya.

Dariyar ba ta daɗe ba. Ta ce masa shekara goma sha biyu ke nan rabonta da ko ƙofar filin jirgi. Maigidanta matuƙi ne. Shi ke tuƙa jirgin nan da ya faɗi minti huɗu da tashi, da mutum tamanin da uku a ciki, ba wanda ya fita.

"Ranar da aka yi ruwan safe," in ji dattijon a hankali.

"Ashe ka tuna."

"Jaridu sun buga."

Ta buɗe jakarta ta ciro wani ƙaramin littafi da bangonsa ya sha hannu. Sunayen fasinjojin ne, kowanne da garinsu, kusan duka an ja musu layi. Rahoton bincike ya ce gangancin matuƙi ne, ya yi gaggawa, ya kashe inji mai lafiya. Tun da ta fita takaba take bin gidajen nan ɗaya bayan ɗaya a mota, tana roƙa masa gafara. Wasu sun ba ta ruwa sun yi kuka tare da ita. Wani ya rufe mata ƙofa tun ba ta gama sallama ba. Wata tsohuwa da ta rasa 'ya'ya biyu ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta ce ta tashi mata daga tabarma.

"Ban ga laifinta ba," in ji ta. "Ni ma da haka zan yi."

Babban ɗanta, wanda tun yana ƙarami yake saka hular babansa yana zagaye tsakar gida, yanzu gyaran waya yake yi, kuma ya goge sunan uban daga allon shagonsa. Ƙanwarsa sau biyu maganar aurenta na lalacewa da zarar dangin mijin sun ji 'yar wane ce. Gida ɗaya ya rage a littafin, ga nisa, ga hanya ta yanke da damina, ga ƙafafunta sun fara gajiya. Shi ya sa ta rufe ido ta sayi tikiti.

Shayin dattijon ya huce a gabansa bai taɓa ba.

"Ke kin yarda da rahoton?"

"Masana ne suka rubuta, Malam. Ni wace ce? Na dai san mutumin da ko makullin ƙofa sai ya duba sau biyu. Amma ɗan Adam ne."

Jirgin ya fara yin ƙasa. Fukafukai suka yi ƙugi, tayoyi suka fito, bai bayyana mata ko ɗaya ba. Ita ma ba ta tambaya ba, hankalinta na wani wuri.

"Abu ɗaya ke ci mini rai," ta ce. "Sun ce akwatin da ke naɗar muryar matuƙa ya ƙone, ba a samu komai ba. Da na san ko ya samu yin kalmar shahada, da na ji sanyi."

"Ya yi, Hajiya."

"Allah Ya sa," ta ce, tana share ido da bakin mayafi. "Ka iya kwantar da hankali, bawan Allah."

Da suka sauka ta tsaya a tsakanin kujeru tana ta yi masa addu'a, Allah Ya raba shi da abin kunya duniya da lahira, Ya sa 'ya'yansa su yi alfahari da sunansa. Ya buɗe baki zai yi magana, mutanen baya suka matso, layi ya tafi da ita. Yana kallon mayafinta har ya ɓace a bakin ƙofa.

Jirgin ya zama ba kowa. Ma'aikaciyar ta zo ta tambaye shi ko lafiya, ya ce ƙafarsa ce ta yi tsami.

Mijin nata kuwa ya yi kalmar shahada. Kafin ya yi ta, sau uku yana faɗin injin hagu ya kama da wuta, injin da ya yi mako biyu yana rubuta wa kamfani ƙorafi a kansa. Dattijon ya ji wannan duka da kunnensa daga akwatin naɗar muryar, a ɗaki kulle, shi da manyan kamfanin, kwana ɗaya kafin ya sa hannu a matsayin shugaban kwamitin bincike cewa akwatin ya ƙone kuma laifin matuƙi ne.