'Ya'yan Carbi Biyu

Bayan la'asar ne, a tsakar gidanmu na Roni. Inna ta gama saƙa min 'yar tsana da jan ulu, ta ajiye kwarashi, saura idanu kawai. Ta ɗauko baƙin zare za ta ɗinka su, sai na buɗe hannuna na nuna mata 'ya'yan carbi biyu da na tsinta ranar da carbin Baba ya tsinke.

"Waɗannan nake so, Inna. Suna ƙyalli."

"A'a, uwata," in ji ta. "Idon zare ba ya fita. Kin san Safiya, komai ta samu sai baki."

Safiya ƙanwata ce, watanta tara, tana rarrafe a gindin turmi. Na fashe da kuka, na yi ta birgima har Inna ta gaji. Ta ɗinka su, ta datse zaren da haƙori, ta miƙo min.

"To, ga ta. Kada ki bar ta a ƙasa."

Ƙawayena suka yi kirana daga zaure, na bar ta a ƙasa. Safiya ta ɗauke ta ta kai baki, ido ɗaya ya cire ya maƙale mata a maƙogwaro. Kafin mai babur ya kai su ita da Inna asibitin Kazaure, rai ya yi halinsa.

Har Inna ta rasu ba ta taɓa ce min "ai na gaya miki" ba. Kullum cewa take kwanan Safiya ne ya ƙare. Da ma ta zage ni ko sau ɗaya.

'Yar tsanar tana ƙasan akwatina da idonta ɗaya. Wannan kam, har yau ɗinkinsa ko motsi bai yi ba.