Zuciya Mai Makara

Ina zaune a benci a tsakiyar hawan dutsen Gwanak, ina ɓare lemo ni kaɗai, sai na ji an ce, "Gil-su? Yau kai ne a kan dutse?"

Yeon-ok ce, matata da muka rabu tun kafin a dasa min sabuwar zuciya.

"Likita ne ya sa ni," na ce. "Wai in riƙa tafiya, numfashina ya ƙaru."

"Da ni na faɗa, da ka yi gardama." Ta zauna, ta karɓe rabin lemon. Sai ta kama wuyan hannuna kamar yadda take yi tun muna saurayi da budurwa, in ta ji bugun zuciyata ya ƙaru ta ce na tona kaina, ina son ta.

Ta daɗe tana riƙe da shi. Bugun ko gezau.

"To," ta ce, ta sake ni. "Dama abin da na hawo in ji ke nan. Ka kula da kanka, malam."

Na so in gaya mata bayanin likita, cewa zuciyar da aka dasa ba ta haɗe da jijiyoyina, sai jini ya kai mata labari, kullum a makare. Kafin in haɗa maganar, ta sha kwana.

Ina riƙe da ɓawon lemo, can sai ƙirjina ya hau dukan uku-uku.

Na miƙa hannu, babu mai kamawa.