Kajin Gulven

Ranar da muka binne mijina Gulven, kajinsa sun yi ƙwai tara. Na buga ɗaya a bakin tukunya, sai a bugu na biyu ya fashe.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da teku ta cinye mana Loig, ɗanmu tilo. Daga nan Gulven ya daina fita kamun kifi, ya daina magana, ni ma na yi shiru. Rannan wani masani ya ce a rediyo wai kaza tana ƙera allin ɓawon ƙwanta a cikinta, tana juya wani sinadari ya koma wani. Hujjarsa, ƙasarmu ta Bretan, a Faransa, dutse ce zalla, ba ta da alli, amma kajinmu na yin ƙwai mai ɓawo.

Gulven ya ɗago kai. "Soazig, kin ji? Zan gwada."

Ya yi akurki mai daɓen katako don kada su tsinci komai a ƙasa. Hatsi sai ya wanke sau uku, ruwan sama kaɗai yake ba su. Duk ɓawon ƙwai sai ya auna ya rubuta a littafi.

A mako na uku ƙwan ya koma laushi kamar fata, wata kaza ta kasa tsayuwa. Na ga ya fara komawa kujerarsa ta bakin murhu, inda ya saba zaman makoki. Sai na gangara wurin Marivon, mai sayar da katantanwar teku, na karɓo ɓawon katantanwar, mai cike da alli, na daka. Kullum in ya fita sayen burodi, na watsa wa kajin tafi ɗaya.

Ƙwai ya yi ƙwari. Gulven ya shigo da shi a tafin hannu yana dariya, ni ma ban san lokacin da na kama dariya ba.

Maƙwabta suka sa shi gaba. "Malamin kaji, in sun fara zinariya ka tuna da mu!"

"Kai dai ko buhun alli ka cinye, kanka ba zai yi ƙwari ba," in ji shi.

Ina jin tsoron ranar da zai aika wa masana littafinsa su tona ni, amma kullum sai ya ce, "Bari mu ƙara shekara." Duk Alhamis yakan tafi bakin teku shi kaɗai, inda jirgin Loig ya tashi. Ban taɓa bin sa ba.

Shekarar da na karye a ƙugu na yi mako shida a asibiti, ba mai watsa ɓawo. Na ce shi ke nan, asirina ya tonu. Sai ga shi da dafaffen ƙwai, ɓawonsa kamar dutse. Daga ranar na fara cewa a raina ƙila dai gaskiyarsa ce. Duk da haka ban fasa dakan ba.

Da ciwo ya kwantar da shi, na yi niyyar faɗa masa ya fi sau goma. Ya riƙe hannuna ya ce, "Tsohuwa, mun yi aiki, ko?" Na ce mun yi. Haka ya tafi da ƙaryata, kuma abin da ke hana ni cin abinci ke nan.

Bayan kwana bakwai da binne shi na gangara wurin Marivon. Tana ɓare katantanwa da wuƙarta.

"Ki daina ajiye min ɓawo," na ce. "Na yaudari bawan Allah har kabari. Ya isa."

Ta ajiye wuƙar.

"To nasa fa? Wa zai ɗauka?"

"Nasa me?"

Ta jawo wani ƙaramin buhu daga ƙarƙashin tebur, an ɗaure bakinsa da ƙullin masunta.

"Na Alhamis. Tun makon da kika fara zuwa Gulven ma yake zuwa karɓar ɓawo. Ya ce in rufe bakina, wai tun rasuwar yaron bai ji dariyarki ba sai ranar da kika yarda kajinsa suna yin alli."