Man Shanu da Ƙwan Zabo

Lokacin da nake ƙarama a Goronyo ba a ba yara ƙwai, wai yaron da ya saba da shi zai tashi da sata. Amma wata la'asar da damina kakata Inna ta ja ni bayan rumbu, ta kwance ƙwan zabo daga haɓar zaninta.

Ta ɗora kasko a murhu, ta sa man shanu, ya narke. Ta fasa ƙwan a ciki, shi kuwa ya daskare ya yi fari fat. Har yau ƙamshin nan na hancina.

Na ce, "Inna, ai wuta guda ta. Mi yas sa mai ya narke, ƙwai ya daskare?"

Ta ce, "Wallah ban sani ba, jikalle. In kin gano ki zo ki hwaɗa min. Ci maza kahin babanki shi shigo."

Yanzu aikina ke nan a jami'a. Kullum ina gaban kwamfuta ina nazarin furotin, sinadarin da ke cikin ƙwai, ina kallon yadda zafi ke warware shi ya sarƙe da ɗan'uwansa. Na gano amsar, Inna, har ɗalibai nake koya wa. Ke ce dai ba ki jira ni ba.